Wabi, Amosanin Jini da Gurbi na Shida

Duk wanda ya san ƙasar Katsina da Maraɗi ya san waɗannan sunaye: Ajuji, Ayashe, Abarshi, Barmani. Ba don daɗi ake raɗa su ba. Sunaye ne na gidan da aka gaji da haƙa ƙananan kaburbura. Mace ta haihu lafiya, yaro ya yi ɓulɓul har ya fara zama, sai wata rana hannuwa da ƙafafu su kumbura, idanu su yi ruwan ɗorawa, zazzaɓi ya sauka, kafin yaye ya koma. Ta sake haihuwa, a sake yin haka. A na uku tsofaffi su ce wabi take yi. Sai a kai jaririn bisa juji a ajiye kamar ba a so, wata ta ɗauko shi, ko a yi masa tsagar da ba ta gidansu ba, wai don abin da ke ɗauke 'ya'yan ya zaci ba a damu da wannan ba.

A Jibiya wannan al'ada ba ta da ɓangare. Garin yana kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi, shingen kwastan yana Magama, in ka tsallaka sai Ɗan Isa. Mutanen nan da na can tsatso ɗaya ne. Bayan jihadi sarakunan Haɓe na Katsina suka yi arewa suka kafa Maraɗi, kuma har gobe sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa. Iyakar kanta tsakanin 1906 da 1908 jami'an Ingila da Faransa, O'Shee da Tilho, suka kafa mata alamomi, alhali auratayya ta riga ta gauraya jinin tun kaka da kakanni. An rufe iyakar a 2019, an sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, amma abin da ke kashe yaran gado ne, ya daɗe da zama a ɓangarorin biyu.

Tambayoyin da tsofaffi suka kasa warwarewa uku ne. Me ya sa 'ya'yan wannan matar ke mutuwa, na kishiyarta suna rayuwa, alhali uba ɗaya ne? Me ya sa yaron ke zuwa duniya garau, sai bayan wata biyar ko shida ciwo ya bayyana? Wanda kuma Allah ya raya, me ya sa ciwon ƙashi ke taso masa da hunturu ko da tsananin ƙishirwa, ya yi kwanaki yana murƙususu, sannan ya lafa kamar ba a yi ba? Shi ne ciwon da ake kira amosanin jini, yanzu kuma sikila.

Ba kowane wabi ne sikila ba. Maleriya da ƙyanda da gudawa da tamowa sun ci nasu rabon, kuma mai yawa. Amma akwai shaida daga ƙasar Hausa kanta. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi wani babban binciken maleriya a ƙauyukan Garki, wadda yanzu take Jihar Jigawa. Alan Fleming, likitan jini na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya auna jinin mutanen tare da abokan aikinsa, suka buga sakamakon a 1979. Kashi 24 cikin 100 na jarirai suna ɗauke da rabin gadon, wato AS. Wajen kashi 2 cikin 100 an haife su da cikakken ciwon, SS. Da aka duba manya, masu SS kamar an share su. Ba warkewa suka yi ba.

A can waje an fara bin sawun tun 1910, lokacin da wani likita a Shikago, James Herrick, ya ba da labarin wani ɗalibin likitancin haƙori ɗan tsibirin Giranada, Walter Clement Noel, wanda jajayen ƙwayoyin jininsa suka lanƙwashe kamar lauje. A 1927 aka gano cewa ƙarancin iskar oksijin ne ke jawo lanƙwasar. A 1949 Linus Pauling da Harvey Itano da abokansu suka saka himogulobin, wato furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, a ruwan da lantarki ke ratsawa, suka ga na mai sikila ba ya tafiya daidai da na mai lafiya. Ashe aibin a jikin furotin ɗin yake. Wannan dabarar ce har yau ake amfani da ita a yawancin ɗakunan gwaji na Katsina idan masu shirin aure suka je a duba musu jinotaif: ɗigon jini a kan takarda, a kunna wuta, a ga inda kowane layi ya tsaya.

Sai dai a 1949 ba wanda ya san siffar furotin. An san cewa sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, iri ashirin, a jere ɗaya bayan ɗaya. Yadda sarƙar ke naɗewa ne ya gagara. William Astbury, a birnin Lids na Ingila, ya shafe shekarun 1930 yana haska gashi da ulu da hasken eksire, yana ganin wani tsari da ke maimaita kansa kowane nanomita 0.51 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Manyan Kambirij, Bragg da Kendrew da Perutz, suka fitar da nasu hasashen a 1950, suka kuskure, domin sun ɗauka dole kowane zagaye ya ƙunshi cikakken adadi, uku ko huɗu.

Pauling ne ya yi watsi da wannan sharaɗin. A 1948 yana kwance da mura a Oksfod, ya zana sarƙar a takarda, ya yi ta naɗe ta har sassan da ya kamata su haɗu suka haɗu. Ya riƙe abin shekara uku saboda lissafinsa ya ba shi 0.54, ba 0.51 ɗin Astbury ba. A 1951 ya buga tare da Robert Corey da Herman Branson, wani masanin fiziks baƙar fata daga Jami'ar Howard, wanda ba kasafai ake ambaton sunansa ba in ana ba da labarin. Suka kira siffar alfa-heliks. Perutz na karanta takardar ya ɗauko gashin doki ya haska, ya ga alamar nanomita 0.15 da siffar ta yi alkawari. Ragowar saɓanin kuwa Francis Crick ya warware shi jim kaɗan bayan haka: a cikin gashi naɗi biyu ne suke murɗe juna, shi ya rage tazarar.

Ga yadda abin yake. Ɗauki carbi ka naɗe shi a jikin sanda, zagaye bisa zagaye. A kan zare kowace ƙwaya maƙwabtanta biyu ne, ta gaba da ta baya. Da ka naɗe, ta sami sababbin maƙwabta a samanta da ƙasanta. A heliks kowane zagaye amino asid 3.6 ne, wato 18 a zagaye biyar, kowace tana karkata digiri 100 daga wadda ta gabace ta. Saboda haka ta 1 ba ruwanta da ta 3, wadda ke bayan sanda, amma tana kafaɗa da kafaɗa da ta 4 da ta 5, ta 8 kuma tana bisa kansu. Abin da ke riƙe naɗin shi ne wani ɗauri mai rauni, ɗaurin haidurojin, tsakanin oksijin na kowace ƙwaya da haidurojin na ta huɗu a gabanta. Guda ɗaya ba komai ba ne. Jerinsu daga ƙasa har sama shi ke hana naɗin warwarewa.

Wannan ƙashin bayan kenan, kuma iri ɗaya ne a kowane heliks. Bambancin yana ga rassa. Kowace amino asid tana da reshe nata da ke miƙewa waje daga jikin naɗin. Wasu rassan suna ɗauke da cajin lantarki, suna jituwa da ruwa. Wasu masu maiƙo ne, gudun ruwa suke. Tunda ta 1 da ta 4 da ta 5 da ta 8 suna gefe guda, sarƙa takan jera masu maiƙo a waɗannan gurabe, sai naɗin ya zama mai fuska biyu: fuskar maiƙo ta juya ciki ta manne da sauran naɗe-naɗen furotin, fuskar caji ta kalli ruwa. Rassan ma suna riƙe juna. A 1987 Susan Marqusee da Robert Baldwin na Jami'ar Stanford sun nuna cewa gulutamet da laisin, masu caji kishiyar juna, in aka sa tazarar gurbi huɗu tsakaninsu, suna ƙarfafa naɗin fiye da in tazarar uku ce. Akwai kuma furolin, wadda ba ta da haidurojin ɗin ɗaurin, in ta faɗo tsakiyar naɗi sai ya karye ko ya gurɗe. Darajar kowace amino asid, a taƙaice, tana ga gurbin da ta zauna da gefen da ta fuskanta.

Himogulobin kusan duka naɗe-naɗe ne. Sarƙa huɗu ne a dunƙule, alfa biyu masu amino asid 141 kowace, beta biyu masu 146, jimla 574. Sarƙar beta tana da naɗi takwas da ake kira da haruffa, daga A zuwa H. A 1956 da 1957 Vernon Ingram, a Kambirij, ya daddatsa himogulobin na mai sikila da na mai lafiya ya gwada gutsattsarin, ya ga bambancin ɗaya ne tak. A gurbi na 6 na sarƙar beta, inda ya kamata a sami gulutamet, balin ce a zaune. Daga baya aka ga tushen abin a ƙwayar gado: harafi ɗaya ya sauya, GAG ta koma GTG. Cajin gulutamet ɗin da ya ɓace shi ne abin da Pauling ya hango a 1949, shi ne kuma layin S da ma'aikacin lab ke nuna wa ango.

Nan ne, a ganina, labarin ya fi daɗi, domin amsar da kowa zai yi tsammani ba ita ba ce. Za a zaci balin ta karya naɗin ko ta ɓata wurin da oksijin ke zama. Ko ɗaya ba ta yi ba. Gurbi na 6 yana farkon naɗin A, a fuskar da ke kallon waje, nesa da mazaunin oksijin. Himogulobin S ɗaya tilo a cikin ruwa yana ɗaukar oksijin ya sauke kamar kowa. Laifin balin ɗaya ne: reshe mai maiƙo ne da ya tsinci kansa a fuskar ruwa, yana neman inda zai ɓuya.

Wurin ɓuyan aka gani a 1975, lokacin da Warner Love da ɗalibansa a Jami'ar Johns Hopkins suka fitar da siffar himogulobin S wanda ya sauke oksijin. A kusurwar da naɗin E ya haɗu da naɗin F akwai wani ɗan rami mai maiƙo, bakinsa fenilalanin ta gurbi na 85 da lusin ta gurbi na 88. Duba lambobin: tazararsu uku, wato lissafin 3.6 ne ya kawo su gefe guda har suka zama rami. Ramin yana jikin himogulobin ɗin kowa, mai sikila da mara ita, kuma yakan samu ne idan an sauke oksijin. A jikin mai AA, wanda bai gaji S ba, ba abin da ke shiga, don gulutamet mai caji ba ta zama cikin maiƙo. A jikin mai SS balin ta wannan himogulobin sai ta faɗa ramin na kusa da shi, na kusa ya kama na gaba, a yi ta haka har a sami dogon zare. Zare 14 ke murɗewa su zama sanda guda, kamar yadda Stuart Edelstein da abokansa suka nuna a ƙarshen shekarun 1970. Ƙwayar jini ɗaya tana ɗauke da himogulobin wajen miliyan 270. In suka sandare, ƙwayar da ya kamata ta lanƙwasa ta kutsa siririyar jijiya sai ta ƙage, ta toshe hanya, naman da ke gaba ya rasa iska. Ciwon ƙashin kenan. Ƙwayar kuma, maimakon kwana 120, a kwana 10 zuwa 20 take mutuwa, shi ya sa jini ba ya isa, idanu suke canza launi.

Akwai shaidu biyu da ke tabbatar da cewa reshen ne mai laifi, ba gurbin ba. A Burkina Faso da arewacin Gana akwai himogulobin C da yawa, a Garki ma an sami kaɗan. Shi ma gurbi na 6 ne ya sauya, amma laisin ce ta shiga, mai caji, ba ta shiga ramin. Mai CC ba ya yin lauje, ko da yake wanda ya haɗa S da C yana shan wahala. Na biyu wani nau'i ne da aka samu a Makasar ta Indunusiya, inda alanin ta zauna a gurbin. Ita ma mai maiƙo ce, amma reshenta gajere ne, bai kai ya kama ba, masu ita lafiyarsu lau. Tsakanin alanin da balin ƙwayar kabon biyu ce da 'yan haidurojin ɗinsu.

Saura batun lokaci. In haka ne, me ya sa mai SS ba ya cikin ciwo kullum, tunda jininsa yana sauke oksijin a kowane bugun zuciya? James Hofrichter da William Eaton suka amsa a 1974. Zaren ba ya haɗuwa nan take, akwai jinkiri kafin ya fara. Ƙwayar jini tana ratsa ƙananan jijiyoyi cikin kamar daƙiƙa ɗaya. In jinkirin ya fi haka tsawo, ta kuɓuta, ta koma huhu, oksijin ya narkar da abin da ya fara haɗuwa. Tsere ne ake yi dare da rana, kuma yawanci ƙwayar ke ci. Amma jinkirin ya dogara ƙwarai da kaurin himogulobin a cikin ƙwayar: in kaurin ya ƙaru da kashi 10 cikin 100 kawai, jinkirin yana iya raguwa fiye da ninki goma. Duk abin da ya busar da jiki, ko ya rage gudun jini, ya ba zaren nasara. Zafin bazara na watan Afrilu, zazzaɓi, gudawa, doguwar tafiya a bayan mota ba ruwa a hannu, jiran layi a bakin shinge da rana tsaka. Da hunturu kuma sanyi ke tsuke jijiyoyi, jini ya yi nawa. Tsofaffin da suka ce sanyi ne ke tayar da amosani sun lura daidai, dalilin ne ya ɓuya musu. Mai AS kuwa, himogulobin S ɗinsa bai kai rabi ba, wajen kashi 40 ne, jinkirinsa ya yi tsawon da ba ya cutarwa sai a matsanancin hali.

Tambayar watanni shida wata likitar yara ce a Buruklin, Janet Watson, ta fara hango amsarta a 1948, da ta lura jinin jarirai masu ciwon bai cika yin lauje ba. Ɗan tayi yana da nasa himogulobin daban, F, mai sarƙar gama a madadin beta, kuma a hankali yake raguwa bayan haihuwa. Ba balin a gurbinsa na 6. Sannan a gurbi na 87, dab da bakin ramin nan, gulutamin ce a zaune maimakon tiriyonin, reshe mafi tsawo da ke hana zaren ɗorewa. Muddin F na da yawa yaro na cikin kariya. Yana ja baya, kumburin hannu da ƙafa ya fara, saifa ta lalace, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa.

Abin da ya sa gadon ya yawaita haka Anthony Allison ya nuna shi a Gabashin Afirka a 1954: mai AS ba ya saurin mutuwa da maleriya. Binciken da ya biyo baya ya nuna kariyar daga maleriya mai tsanani ta kai wajen kashi 90 cikin 100. Ko a Garki an ga alamar, domin masu AS kashi 24 ne a jarirai, amma 29 a waɗanda suka haura shekara biyar. A 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, ɗan Nijeriya, sun ƙiyasta cewa sauyin sau ɗaya ya faru, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, zamanin da Sahara ke da tafkuna da ciyawa. Fadamun Gulbin Maraɗi da madatsar ruwan Jibiya ba su rasa sauro ba har yau.

Yanzu a koma ga kishiya. Yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S daga uwa, ya karɓi S daga uba. In mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, to aure ɗaya cikin 16 zai haɗa AS da AS ko da ba dangi ba ne, kuma a irin wannan aure kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Ciki ba ya tuna na baya, don haka uku a jere na iya faɗawa. Ga magidanci AS mai mata biyu, uwargida AS, amarya AA. 'Ya'yan ɗakin amarya ba wanda zai yi ciwon. Na ɗakin uwargida suna mutuwa. Kowa a gidan, har da ita kanta, zai ce matsalar daga wajenta take, ko an yi mata sammu, ko iska ta shafe ta, kuma sau da yawa yatsa kan amaryar yake nunawa. In aka sake ta ta auri mai AA, 'ya'yanta su rayu, sai a ce ta rabu da gidan da bai karɓe ta ba. Tsarin gidan ne ya ɓoye rabon uban, alhali rabi cif nasa ne. Mata nawa aka zalunta da wannan lissafin da ba a sani ba, Allah kaɗai ya sani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haifar yara kusan 150,000 da ciwon kowace shekara a Nijeriya. Maganin da ya fito kai tsaye daga ilmin naɗin ya iso a ƙarshen 2023, lokacin da Amurka ta amince da hanyoyi biyu na gyaran ƙwayar gado. Ɗaya, Lyfgenia, tana sa wa majiyyaci sarƙar beta da aka sauya wa gurbi na 87 daga tiriyonin zuwa gulutamin, wato dabarar ɗan tayi aka kwaikwaya. Kuɗinta a lokacin dala miliyan 3.1. Ɗayar, Casgevy, tana sake kunna himogulobin F, a kan dala miliyan 2.2. Ba na jin akwai amfanin a yi wa mai sayar da gero a kasuwar Jibiya dogon bayani a kansu.

Abin da ke kusa da hannunsa shi ne ruwan sha a wadace, gidan sauro, rigakafi, fenisilin ga ƙananan yara, da gwaji kafin a sa rana, wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024. Sai kuma haidiroksiyuriya, tsohuwar ƙwayar magani mai ƙara yawan F a jini. An gwada ta a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala Muhammad da na Barau Dikko a Kaduna, a kan yara 220 da hoton jijiyar kai ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon da Shehu Umar Abdullahi da Michael DeBaun da abokansu suka buga a 2022 ya nuna cewa miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyin yaro ya yi aikin kariya daidai da miligiram 20.